Tallar imel ko WhatsApp: ta ina mai ƙaramin kamfani zai fara?

MaiYaji_Kano
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Ni da ƙanwata muna da ɗan kamfani a Kano, muna sarrafa yaji, garin kuka, garin kuɓewa da daddawa, muna ɗurawa a robobi masu tambarinmu. Mun yi rajista da CAC, lambar NAFDAC ma ta fito. Har yau duk cinikinmu ta Instagram da sitatus ɗin WhatsApp yake zuwa. Yanzu muna so kayanmu su shiga manyan kantuna da otal-otal, su kuma kai ga 'yan uwa mazauna Abuja da Legas. To wani ya tallata mana kwas na koyon talla ta imel, ya ce zai koya mana Mailchimp, wata manhajar tura imel ga mutane da yawa lokaci guda, kuma zai ba mu kyautar adiresoshin imel na dubban mutane. Kuɗin kwas ɗin ba kaɗan ba ne a wurinmu. Don Allah, a ƙasar nan wa yake karanta imel? Mu shiga, ko mu tsaya inda muke?

Dan_Kwari
Wa alaikumus salam. Hajiya ki riƙe kuɗinki ki ƙara jari. Shekara da shekaru ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kwastomomina tun daga Maiduguri har Agadas, ban taɓa sayar da ko turmi ɗaya ta imel ba. Hoto a WhatsApp, saƙon murya, alat ya shigo, yaro ya kai kaya tasha. Mutanenmu da yawa don su buɗe Facebook suka yi imel, ko lambar sirrinsa ba su riƙe ba.

Ummu_Sadiq
Gaskiya Alhaji ya faɗa. Ni imel ɗina sai in ana neman aiki ko za a cike fom nake tunawa da shi.

Injiniya_Bash
Kafin a je ga maganar imel ko WhatsApp, Hajiya, waccan kyautar adiresoshin ita ce abin tsoro. Kada ki karɓa. Mailchimp da kansu sun hana amfani da jerin da aka saya ko aka kwaso daga wani wuri, yana cikin sharuɗɗansu. Abin da ke faruwa shi ne, da yawa daga cikin irin waɗannan adiresoshi sun mutu, saƙo zai je ya dawo. Masu rai kuwa ba su san ki ba, sai su danna cewa saƙon shara ne. Da na'urar Mailchimp ta ga haka sai ta dakatar da asusun. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu tura saƙo da yawa: dole a ga shaidar cewa daga gare ki saƙon ya fito, dole a sa wa mutum hanyar fita cikin sauƙi, kuma ƙorafi kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Ki lissafa, mutum uku ke nan cikin dubu. Jerin da aka saya ba zai taɓa tsallake wannan ba.

Ga kuma doka. A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, akwai hukumar NDPC da ke kula da ita. Adireshin mutum da lambar wayarsa bayanansa ne, ba a yi masa talla da su sai da yardarsa. Malamin da zai fara koyarwa da raba adiresoshin mutane, ni dai ban amince da sauran darasinsa ba.

Zainab_Digital
Na goyi bayan Injiniya ɗari bisa ɗari kan jerin. Amma ban yarda da Alhaji Dan_Kwari ba cewa imel ba shi da amfani. Ku sake karanta abin da ta rubuta: ta ce manyan kantuna da otal-otal. Wannan wani irin kwastoma ne daban da matar gida mai sayen roba ɗaya.

Tsohuwar_Sito
Bari in sa baki a nan, don na daɗe ina aiki a sashen sayayya na wani otal a Abuja. 'Yar uwa, ga yadda abin yake daga ciki. Mai kaya zai zo ya samu mai gadi, ya samu shugaban masu girki, ya bar samfur. Shugaban masu girki ya ɗanɗana ya ce ya yi. To daga nan sai takarda ta fara aiki. Ni ba zan iya kai wa akanta hoton sitatus ba. Abin da nake buƙata shi ne imel daga sunan kamfani, da takardar farashi a maƙale, nauyin kowace roba, guda nawa ne a katan, lambar NAFDAC, tsawon lokacin da kayan ke yi bai lalace ba, da lambar asusu mai sunan kamfani, ba sunan mutum ba. Wannan imel ɗin zan tura wa manaja, shi ya tura wa akanta, in masu binciken kuɗi sun zo ƙarshen shekara shi za a buɗe musu. Na sha ganin mata masu kaya masu kyau ƙwarai, yajinsu ya fi na wanda muke saye, amma an ce su turo farashi a rubuce sai su turo saƙon murya na minti huɗu. Maganar a nan take mutuwa, kuma ba wanda zai kira su ya gaya musu dalili. Abin yana min ciwo har yanzu.

Amma ki lura, wannan ba ya buƙatar Mailchimp. Wasiƙa ce guda ɗaya zuwa ga mutum guda da kika san sunansa da muƙaminsa.

MaiYaji_Kano
Allah ya saka da alheri Anti. Wallahi wannan bayani ya buɗe min ido. To Mailchimp ɗin a ina yake shigowa ke nan?

Zainab_Digital
Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Na farko shi ne wanda Anti ta bayyana, neman babban mai saye, mutum ɗaya bayan ɗaya, a bi shi har ya amsa. Na biyu shi ne tura saƙo ɗaya ga ɗaruruwan mutanen da suka riga suka san ki kuma suka ce ki riƙa turo musu. Su Mailchimp, Brevo da MailerLite na biyun suke yi. Suna ajiye jerin, suna raba shi gida-gida, misali 'yan Abuja daban, masu sari daban, suna tura saƙo da kansu a lokacin da kika tsara, kuma suna nuna miki wanda ya danna mahaɗin da kika saka. In ba ki da jeri naki, manhajar ba ta da abin da za ta yi miki. Don haka tara jerin shi ne aikin farko, koyon danne-danne kuma bai wuce na 'yan kwanaki ba.

Kuma kada ki biya kowa kan matakin farko. HubSpot Academy suna da kwas na tallar imel kyauta har da satifiket. Google ma suna da darussan talla ta intanet kyauta, tun 2017 shugabansu Sundar Pichai ya zo Legas ya yi alkawarin horar da 'yan Afirka miliyan 10. Matsalarsu ɗaya, yawancinsu da Turanci suke, kuma misalansu na kasuwar Turawa ne, sai ki riƙa tacewa.

Abba_3MTT
A ƙara da shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani, wanda ma'aikatar sadarwa ta fara a 2023, shi ma kyauta ne. Ko ba komai za ki samu abokan karatu a garinku da za ku riƙa tambayar juna.

Elh_Maradi
Salam daga Maraɗi. Mu a nan Brevo muka fi sani saboda kamfanin Faransa ne, komai nasa akwai da Faransanci. Da can sunansa Sendinblue, a 2023 suka canza. Tsarinsu na kyauta yana ba da saƙo 300 a rana. Ina sayar da kayan sola, kuma ƙungiyoyin agaji da makarantu masu zaman kansu duk ta imel suke neman farashi. Manomi mai sayen fitila ɗaya kuwa kira yake yi, ya turo kuɗi ta Nita ko Amana. Kowa da ƙofar da yake shigowa.

Injiniya_Bash
Elhaji ya kawo abu mai muhimmanci. Bambancin lissafinsu ke nan: Mailchimp yawan mutanen da ke jerinki yake dubawa ya caje ki, Brevo kuma ya fi duba yawan saƙon da kike turawa. Tsarin kyauta na Mailchimp a da mutum 2,000 ne, suka rage shi zuwa 500, kuma tun da kamfanin Intuit suka saye shi a 2021 sharuɗɗan ke ta sauyawa, don haka a duba shafinsu ranar da za a buɗe. Ko wanda ya fita daga jerin ma yana cikin lissafi sai an ajiye shi gefe.

Dan_Kwari
To kun ji. Kyauta yau, gobe dala. Da wane kati za ta biya? Mun ga lokacin da katin naira ya daina aiki a waje, mutane suka koma bin masu katin dala suna ƙara musu kuɗi a kai. Ribar yaji nawa take da za a riƙa fitar da dala duk wata?

Sulaiman_KD
Wannan tambaya ta Alhaji gaskiya ce, kada a raina ta. Shi ya sa ni na koma Zoho, suna karɓar naira, kuma akwatin imel ɗinsu kyauta ne ga kamfani mai ma'aikata har biyar in kana da domen naka. Domen na .com.ng kuma da naira ake saye wajen dillalan da NiRA, mai kula da domen na Najeriya, ta amince da su, bai da tsada.

Ummu_Sadiq
Ku yi haƙuri, mene ne domen? Ba kowa ya yi karatun kwamfuta a nan ba.

Sulaiman_KD
Afuwan Hajiya. Sunan da ke zuwa bayan alamar @ a adireshi. Maimakon sunan kamfani ya ƙare da gmail.com, sai ya ƙare da sunan kamfanin kansa. Amfaninsa biyu. Mai karɓa zai ga kamfani ne tsayayye. Sannan in za ki tura ta Brevo ko Mailchimp, sai da domen naki za a iya saita shaidun nan da Injiniya ya ambata, SPF, DKIM da DMARC. Layuka ne kaɗan ake kwafa daga manhajar a liƙa a shafin wanda ya sayar miki da domen, sau ɗaya ake yi. In ba a yi ba, saƙo yakan faɗa akwatin shara ba wanda ya gani.

Maman_Ikram
Ni dai ina tare da Alhaji kan WhatsApp, amma mutane ba sa amfani da shi yadda ya kamata. WhatsApp Business nake nufi, wanda ya fito a 2018. Akwai katalogi da za ki jera kaya da farashi, ki huta da "nawa ne wannan" sau hamsin a rana. Akwai amsoshin da za ki rubuta ki ajiye. Abin da na fi so shi ne alamomi masu launi da ake maƙala wa kowace hira. Ni turaren wuta da humra nake yi. Kore na wadda ta biya, ruwan ɗorawa na wadda ta tambaya ta yi shiru, ja na mai sari. Duk daren Alhamis bayan isha'i nakan buɗe masu ruwan ɗorawa in bi su ɗaya-ɗaya: "Hajiya kin tambayi humra farar nan ranar Litinin, saura kwalba kaɗan, in ajiye miki?" Rabin cinikin ƙarshen makona daga nan yake fitowa. Yawanci ba ƙi suka yi ba, hidimar gida ce ta ɗauke hankalinsu.

Zainab_Digital
Maman Ikram, abin da kike yi ɗin nan shi ne zuciyar duk kwas ɗin da ake sayarwa. Bibiya. Sai dai a san iyakar WhatsApp. Jerin Broadcast, wanda ake tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa da shi, mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba zai isa ga wanda bai ajiye lambarki a wayarsa ba. Sannan duk masu ba da shawarar GB WhatsApp ko manhajojin tura saƙo barkatai, a guje su, rufe lamba ake yi a kansu. Wanda duk kwastomominsa ke cikin waya ɗaya, ranar da lambar ta tafi ko wayar ta ɓata, da me zai nemo su?

Dan_Kwari
Da littafi. Ina da babban littafi a shago, sunan kowa da garinsa da lambarsa da abin da ya saba ɗauka da bashin da ake binsa. Tun zamanin mahaifina haka muke yi.

Injiniya_Bash
To Alhaji ai kai ne ka fi mu duka riƙe ka'idar. Abin da ake kira CRM littafin nan naka ne aka mayar cikin kwamfuta, ƙarinsa kawai yana tuna maka wanda ya daɗe bai zo ba, kuma yaran shago uku za su iya dubawa lokaci guda. HubSpot suna da na kyauta, amma mai farawa Google Sheets ma ya ishe shi: suna, gari, lamba, imel, abin da ya saya, ranar da ya saya, da ko ya yarda a riƙa turo masa talla.

Dawanau_Export
Na makara amma bari in faɗi nawa. Zoɓo da riɗi muke fitarwa daga Dawanau. Masu sayen zoɓo na Mekziko da masu riɗi na Turkiyya da Sin, ba wanda zai turo maka kuɗin kwantena kan hirar waya. Komai a rubuce ne, hoton samfur, sakamakon gwajin danshi, takardar farashi, sharuɗɗan biya. Abin da na koya, wasiƙar farko gajeriya ce. Layi biyar ko shida: ko kai wane ne, me kake da shi, nawa kake iya kawowa a wata, tambaya ɗaya a ƙarshe da zai iya amsawa da e ko a'a. Ba kwalliya, ba hotuna goma. In mako ya wuce shiru, ka sake tuntuɓa a ƙarƙashin wasiƙar farko. Amsa ta fi zuwa a ta biyu ko ta uku. Hajiya mai yaji, masu shagunan kayan abincin Afirka a Landan da Amurka ma haka ake samunsu, amma wannan sai kin tsaya da ƙafafunki a gida tukuna.

Hafsat_Zaria
Tambaya a gefe don Allah. Saƙon tes na waya fa? Wani ya ce min ya fi duka, tunda ko mai ƙaramar waya zai gani.

Sulaiman_KD
Yana aiki wajen sanarwa, kamar "kayanki sun iso tasha". Wajen talla kuwa akwai tsarin DND na hukumar NCC, wanda ya tura STOP zuwa 2442 saƙon talla ba ya shigar masa. Ga wani abu da ya shafe mu masu rubutu da Hausa: saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya sai ya koma 70, saboda ba sa cikin haruffan asali na tsarin tes. Saƙon da ka lissafa ɗaya sai a caje ka uku. A imel da WhatsApp babu wannan matsalar.

Hafsat_Zaria
Ikon Allah. Na gode Malam.

MaiYaji_Kano
Na karanta duka, Allah ya biya ku. Na fahimci maganar otal da kantuna. Saura masu sayen ɗai-ɗai na Abuja da Legas. Yawancinsu ma'aikata ne, na san suna buɗe imel a ofis. Ta yaya zan tara adiresoshinsu ba tare da na takura musu ba?

Zainab_Digital
Ki ba su dalili. Ba mai ba da adireshinsa don a riƙa ce masa "zo ka saya". Ki sa ɗan kati a cikin kowane kwali, da lambar QR da za ta kai shi fom na Google mai tambaya uku kacal. A katin ki rubuta abin da zai samu, misali girki ɗaya duk wata da sanarwar ragi kafin kowa ya ji. Matar da ta tashi a Legas tana son miyar kuka irin ta kakarta amma ba ta san yadda ake kaɗa ta ba tare da ta yi gudaji ba, wannan ita ce mai karanta saƙonki har ƙarshe. Ki rubuta kamar kina yi wa ƙawarki bayani, da Hausa ko da Turanci, ki bar su su zaɓa a fom ɗin. Sannan ki lura da tsawon lokacin da roba ɗaya take yi a gida. In wata ɗaya ne, ki saita manhajar ta tura tunatarwa kwanaki kaɗan kafin ya cika. Kafin azumi da mako biyu kuma ki tura na musamman, lokacin ake sayayyar kayan miya da yawa.

Abba_3MTT
In tana karɓar kuɗi ta shafin biya na Paystack ai dama sai mutum ya sa imel kafin ya biya. Jeri ya samu ke nan.

Injiniya_Bash
A'a ƙanina, a yi hattara. Ya bayar ne don a turo masa rasit. Talla kuma sai an tambaye shi daban. A ƙara tambaya a shafin biyan, ko a tambaya a cikin saƙon godiya. Wani abu kuma Hajiya, in kin fara, kada adadin waɗanda aka ce sun buɗe saƙo ya ruɗe ki. Tun 2021 wayoyin Apple suke buɗe saƙo da kansu don kare sirrin mai wayar, sai lissafin ya kumbura. Ki dubi wanda ya danna, wanda ya amsa, da wanda ya saya.

Maman_Ikram
Ni fa har yanzu ina ganin aikin zai yi mata yawa. Su biyu ne kawai, ga daka, ga ɗuri, ga kai kaya tasha. Wa zai zauna rubuta wasiƙa duk wata? Gara abu ɗaya da za a riƙe da kyau.

Tsohuwar_Sito
Maganarki tana kan hanya. In ni ce, wasiƙar wata-wata za ta jira. Takardar farashi mai kyau da adireshi mai sunan kamfani, sai kantuna goma da aka zaɓa aka je da ƙafa aka bar samfur aka karɓo sunan mai sayayya. Oda ɗaya ta kanti ta fi robobi ɗari na ɗai-ɗai. Sai dai ki shirya, da yawansu ba sa biya nan take, wasu sai bayan wata, wasu sai kaya sun ƙare. Ki tambayi wannan tun a wasiƙar farko.

Dan_Kwari
Yauwa, a je da ƙafa. Nan muka haɗu da ke Hajiya. Amma biyan bayan wata ɗin nan shi ke karya ƙaramin ɗan kasuwa, ba rashin imel ba.

Zainab_Digital
Katin cikin kwali dai ba ya cin lokaci, Maman Ikram. Ko ba za ta fara turawa yanzu ba, jerin yana taruwa.

MaiYaji_Kano
Mun zauna da ƙanwata. Kwas ɗin mun fasa. Ita za ta ɗauki darasin HubSpot tunda ta fi ni Turanci, ni kuma zan gyara katalogi da alamomin nan na Maman Ikram. Malam Sulaiman, domen ɗin in na saya, dole sai na gina shafin intanet kafin imel ɗin ya yi aiki? Anti kuma, takardar farashin a sa farashin sari kaɗai ko har da na ɗai-ɗai?

Sulaiman_KD
Ba dole ba ne, imel yana aiki ko babu shafi. Ki tabbata dai da sunanki da lambarki aka yi rajistar domen ɗin, ba da na wanda zai saita miki ba, kuma ki rubuta ranar sabuntawa, duk shekara ake biya.

Tsohuwar_Sito
Na sari, sannan a gefe ki sa farashin da kike ba da shawarar su sayar, don mai kanti ya ga ribarsa da ido. In kin haɗa ki ɗora hotonta a nan, ki rufe lambar asusun, mu duba miki kafin ki tura.